Wane ne Maƙagin Kiɗa? Sharhi a kan Koyar da Tarihin Makaɗa Baƙar Fata a Makarantun Katsina da Daura

Manhajar kiɗa wadda hukumar JAMB ta tsara domin masu neman shiga jami'a ta kasa makaɗan da a ke so ɗalibi ya san tarihinsu kashi-kashi. Akwai kashin Turawa, inda a ke samun su Handal da Mozat da Betoben. Akwai kashin 'yan Afirka masu rubuta kiɗansu a takarda, irin su Ayo Bankole da Akin Euba da Laz Ekwueme. Akwai na mawaƙan zamani, da na baƙar fata mazauna ƙetare. Sa'an nan akwai kashin da aka kira na makaɗan gargajiya, a nan ne aka zuba Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge da Haruna Uji da waɗansunsu. Lalle abin a yaba ne da aka tuna da su, gama da can ko sunansu ba ya shiga littafin makaranta. Amma wannan kasawa tana ɗauke da wani hukunci wanda ba a faɗa a fili ba, malami kuwa ya kan miƙa shi ga almajiransa ba tare da ya lura ba. Hukuncin shi ne, mutanen kashi biyu na farko su ne masu ƙaga kiɗa, watau waɗanda Turawa ke kira kompoza, na kashin ƙarshe kuwa masu rera abin da suka tarar ne kurum.

A Ingila da Amurka an daɗe ana gardama a kan wani abu mai kama da wannan. Malaman kiɗa na can sun lura yaro baƙar fata ya kan gama makaranta bai taɓa jin an ambaci maƙagin kiɗa ko guda mai irin fatarsa ba, sai suka shiga tono sunayen da aka binne. Suka fito da Joseph Bologne, wanda a ke kira Saint-Georges, haifaffen tsibirin Gwadalub, wanda ya yi suna a birnin Faris da goge da takobi tun zamanin Mozat, ya rasu 1799. Suka fito da William Grant Still, wanda aka kaɗa simfoninsa na farko a 1931, da Florence Price, wadda babbar ƙungiyar makaɗa ta Shikago ta kaɗa nata a 1933. Gyara ne mai kyau a inda aka yi shi. Amma wanda ya ɗauko shi ɗungum ya kawo Mashi, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, ya shiga aji ya ce yau za a koyi makaɗa baƙar fata, ya ɗauko maganin ciwon da yaran ba su da shi. Yaron Mashi bai taɓa shakkar baƙin mutum na iya kiɗa ba. Tun yana goye ya ke jin kalangu ran kasuwa da gangar noma wajen gayya, bai kuwa taɓa ganin Bature na kaɗa su ba. Abin da ba a taɓa faɗa masa ba shi ne, waƙar da ke fita a rediyon ubansa wani mutum ne ya zauna, ko ya tsaya, ya gina ta da hankali da zaɓi, ya ɗauki wannan ya bar wancan, har ta zama tasa ba ta kowa ba. Rabon da ke cutar yaron Mashi ba na fari da baƙi ba ne, na mai takarda ne da marar takarda.

Harshen Hausa kansa yana da hannu a cikin wannan ruɗani. Akwai makaɗi, akwai mawaƙi, akwai maroƙi da sanƙira da zabiya, akwai kuma marubucin waƙa, amma babu kalma guda da kowa ya sani wadda ta ware mai ƙagawa daga mai rerawa. Dalili kuwa a bayyane ya ke: a ƙasar Hausa mutum ɗaya ne ke yin duka biyu. A Turai maƙagi ya kan rubuta, ya mutu, waɗansu su yi ta kaɗa abinsa shekara ɗari biyu. Shata kuwa shi ne takardar kansa. To, rashin kalmar ba ya nuna rashin aikin, sai dai ya nuna ba a taɓa bukatar raba su ba.

Hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibai wannan aiki ita ce a aza musu waƙoƙi biyu gaba da gaba, ɗaya ta Ibrahim Narambaɗa, ɗaya ta Shata, a bar su su saurara da kunnen mai neman yadda aka yi gini, ba da kunnen mai neman ma'ana ba. Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. A cikin waƙoƙinsa, kamar Bakandamiyarsa ko ta Dokin Iska, jagora ya kan fara ɗan waƙa, kafin ya kai ƙarshe 'yan amshi su karɓe daga bakinsa su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sa'an nan duka su komo kan gindin waƙa tare. Yaro mai hankali zai gane nan da nan wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya, an maimaita har ya zauna a bakin kowa, don ba mai iya ƙarasa maganar da bai san inda ta nufa ba. Watau dai akwai rubutu, sai dai a ƙirjin mutum biyar ko shida aka yi shi, ba a takarda ba. Haka Ɗanƙwairo ya ke yi, shi da ya gaji kiɗa a gidansu, ya daɗe yana amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya zama jagora, ya rasu 1991.

Shata kuwa wata hanya ya bi dabam. 'Yan amshinsa ba su karɓar ɗan waƙa, ba su ƙari. Gindi ɗaya su ke riƙe da shi, gajere, suna maimaita shi ba canji tun daga farko har ƙarshe, kalangu na tafe a ƙarƙashi kamar turken da aka kafa. Wannan ya sakar wa jagora fili. Tun da ba wanda ke jiran ya ƙarasa masa magana, yana da ikon ya tsawaita ɗa ko ya gajarta shi, ya sako sunan wanda ya shigo fage yanzu, ya yi shiru ya bar kiɗa ya zagayo sau biyu, sa'an nan ya faɗo a inda ba a zata ba. Shi ya sa in aka sami ɗauka biyu na waƙarsa guda, da wuya su zo daidai. Waɗansu su kan ɗauki wannan hujjar cewa ba maƙagi ba ne, mai faɗin abin da ya zo bakinsa ne. Amma a duba da kyau. Gindin da zai jure a maimaita shi sau hamsin ko fiye ba a gaji da shi ba, wanda gaɓoɓinsa masu nauyi da marasa nauyi suka hau kan bugun kalangu ba tuntuɓe, wanda kuma ya bar gurbin da jagora zai shiga ya fita, ba a tsintarsa a hanya. A nan ƙagen Shata ya ke, cikin kalmomi biyar ko bakwai na gindi da kiɗan da aka ɗaura musu. Sauran kuwa gwanintar fage ce, ita ma ba ƙarama ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969 ya yi wa kumbon Afolo waƙa. Wane kakansa ne ya bar masa wannan gado?

Akwai kuma ƙa'idar da ta ɗaure maƙagin Hausa wadda ba ta ɗaure Betoben ba, ya kamata ɗalibi ya san ta don ya san nauyin abin da a ke ɗauka. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na itace da kuka na hawaye haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su. Saboda haka mai ɗora rauji a kan magana ba shi da ikon ya kai murya duk inda ya ga dama. In ya hau inda harshe ya sauka, yana iya ɓata ma'ana ko ya sa a yi masa dariya. Paul Richards ya ƙididdige wannan a kan wata waƙar Hausa guda a 1972, ya nuna rauji na bin karin magana sau da yawa, amma ba kullum ba. Wannan "ba kullum ba" ita ce wurin darasi. Inda mawaƙi ya bi harshe, da inda ya saɓa masa da gangan don daɗin rauji ya tabbata ma'ana ba za ta salwanta ba, nan ne a ke ganin zaɓi, zaɓi kuwa shi ne alamar maƙagi. Malami na iya rubuta gindin waƙa a allo, ya sa yara su faɗe shi da magana, sa'an nan su rera, su sa alama a kan kowace gaɓar da murya ta saɓa. Ba ya bukatar fiyano, ba ya bukatar wutar lantarki, alli da wayar hannu sun isa.

Ga ɗan Mashi kuwa Shata ba baƙo ba ne. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna Bakori da Funtuwa, ya rasu a Kano a 1999, amma a Daura aka rufe shi, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, wanda kuma Shata ya yi wa waƙoƙi da ke cikin mafiya kyawun abin da ya bari. Kabarin maƙagin yana nan tafiyar da ba ta kai yini ba daga ajin da a ke koya wa yara cewa maƙaga suna Jamus. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Ba a rasa abin karantawa ba ke nan.

Sai dai a nan akwai laifin da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa su kansu, ba a wuyan JAMB ba. Tun da aka fara nazarin waƙar baka a jami'o'in Arewa, an ɗauke ta adabi ce: a juye ta a takarda, a fitar da jigo da salo da zubi, a yi sharhin kirari da zambo da habaici. Littattafan Sa'idu Muhammad Gusau, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, sun kafa wa wannan fanni ƙa'ida da kalmomi, ba kuwa mai nazarin da zai wadatu ga barinsu. Amma galibin ɗaliban da suka biyo baya sun tsaya ga kalmomi, kiɗan kuwa a kan sallame shi da layi biyu, a ce ana yi masa amshi da kalangu. Waɗanda suka kula da kiɗan kansa, kamar David Ames da Anthony King masu ƙamus ɗin kiɗan Hausa na 1971, da Fremont Besmer wanda ya yi aiki a kan makaɗan fadar Kano, da Ingilishi suka rubuta, littattafansu kuma ba su cika isa hannun malamin kwalejin horo ba. Sassan koyar da kiɗa kuwa, tun daga na Jami'ar Nsukka da aka buɗe a farkon shekarun 1960, sun fi yawa a Kudu. Sai aka yanka waƙa biyu: malamin Hausa ya ɗauki magana bai san kiɗa ba, malamin kiɗa, in akwai shi, ya ɗauki sauti bai ji Hausa ba. Da aka fara aiki da manhajar ilmin tushe ta shekara tara a 2008 aka kuma haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, sai rabon kiɗa ya daɗa ƙanƙancewa, ya zama jerin sunaye da shekarun haihuwa da a ke haddacewa don jarrabawa.

Bayan yaro ya gane Shata da Narambaɗa maƙaga ne, sa'an nan ne labarin na ƙetare zai yi masa amfani, don ya sami ma'aunin da zai auna su. Fela Sowande ya fi dacewa a fara da shi. An haife shi a Abekuta a 1905, ya tafi Landan ya ƙware a kiɗan coci, ya komo ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya cikin shekarun 1950, ya rasu a Amurka a 1987. A cikin African Suite, wanda ya tsara wa gogunan Turawa a 1944, ya ɗauki raujin waƙoƙin Afirka ta Yamma, har da na Ephraim Amu na Gana, ya shimfiɗa su bisa tsarin Turai. Tambayar da za a yi wa ɗalibi ita ce: in an cire magana daga rauji wanda magana ce ta haife shi, me ya rage, me kuma aka samu a madadinsa? Wanda ya yi darasin kuka da kuka yana da abin faɗa a nan. Shi Amu ɗin ma darasi ne ga malaman horo musamman, gama malamin kwalejin horon malamai ne a Akropong, aka sallame shi a farkon shekarun 1930 saboda ya nace ga tufafin ƙasarsa a kan mumbari da kiɗan ƙasarsa a makaranta. Aron kuma ba daga Afirka zuwa Turai kaɗai ya ke tafiya ba, a cikin gida ma ana yi: masana sun nuna Aliyu Namangi ya ɗauki karin Imfiraji daga kiɗan caji, ya ɗora masa wa'azi.

Samuel Coleridge-Taylor yana da wani darasi dabam. An haife shi a Landan a 1875, ubansa likita ne mutumin Saliyo, uwarsa Baturiya. Yana da shekara 23 ya fitar da Hiawatha's Wedding Feast, wanda aka yi ta rerawa a Ingila shekara da shekaru, aka sayar da kofe dubbai. Amma ya riga ya sayar wa kamfanin ɗab'i haƙƙinsa gaba ɗaya a kan fam 15 da sule 15, ya rasu a 1912 yana da shekara 37, ya bar iyali cikin ƙunci. Ɗalibin da ya ga faifan Shata ko na Barmani ana turawa daga waya zuwa waya a kasuwa ba ko kwabo da ke isa ga magada zai gane wannan labari ba sai an yi masa dogon bayani ba. Florence Price kuwa, bayan rasuwarta a 1953 aka manta da ita, har sai 2009 da aka tsinci tarin takardunta a wani kangon gida a jihar Ilinoi. Takarda ta cece ta bayan shekara 56. Makaɗin noma na ƙauyen Mashi da ya rasu ba a ɗauki muryarsa ba, ba kangon da za a tsince shi a ciki. Wannan ne ya sa aikin gida mafi amfani da malami zai ba ɗalibai shi ne kowa ya nemi makaɗi ɗaya na garinsu, na noma ko na dambe ko na mahauta ko mai amada, ya tambaye shi waƙoƙin da ya gada da waɗanda ya ƙaga da kansa, ya kuma tambaye shi yadda ya ke gane bambancin.

Ba a ce hanyar ba ta da ƙaya ba. Ta farko ita ce matsayin makaɗi a idon jama'a. M. G. Smith ya bayyana tun 1957 yadda roƙo ke ɗaukaka wanda a ke yi wa, ya ƙasƙantar da mai yi. Mahaifin Shata kansa bai so ɗansa ya shiga waƙa ba saboda wannan. Uban da ya ji ana koya wa ɗansa kalangu a makaranta zai ce roƙo a ke koya masa. Akwai kuma maganar addini, wadda malaman jihadi suka yi rubutu a kanta, Veit Erlmann ya tattara nassoshinsu a 1986. Malamin da ya yi kamar babu ita zai rasa ajin da iyayen yaran gaba ɗaya. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce gaskiyar abin da a ke yi: nazarin gini ne, kamar yadda a ke nazarin arulin waƙar da ba a yarda da abin da ta faɗa ba, ba horon fita fage ba ne. Zaɓen waƙa kuma wajibi ne. Shata ya yi ta yabon Annabi, ya yi A Sha Ruwa, ya yi Gagarabadau. Ba dukansu ne na aji ba.

Ta biyu ta fi wuyar gani, ita ce wuce gona da iri. Malamin da ya hasala da raina makaɗan gida ya kan juya ya mai da kowane ɗayansu gwani marar aibi, wannan kuwa wani irin raini ne, don ba a ƙin auna mutum sai in ana tsoron ba zai cika mudu ba. Cikin ɗimbin waƙoƙin Shata akwai waɗanda ba kome cikinsu sai jerin sunayen masu kyauta a kan gindin da bai tsaya da ƙafarsa ba, an yi su don daren nan kaɗai, sun kuma mutu da shi. Ɗanmaraya, wanda ya fitar da abin mamaki daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi, raujinsa kan yi kama da juna ƙwarai in aka jera waƙoƙinsa goma. Ɗalibin da aka ba izinin faɗin haka, ya kuma kawo hujja daga abin da kunnensa ya ji, ya fi wanda ya haddace lambobin girma amfana.

Har ila yau kalmar maƙagi, in aka ɗauko ta da ma'anarta ta Turai ta mutum ɗaya tilo, tana iya zaluntar waɗansu a daidai lokacin da ta ke yi wa jagora adalci. Kiɗan da ke ƙarƙashin muryar Shata hannun makaɗansa ne ya fitar da shi, karɓin da ke ƙawata waƙar Ɗanƙwairo bakin 'yan amshinsa ne, matan da ke kaɗa ƙwarya a bayan Barmani, wadda ta rasu a Funtuwa a 2013, su ne suka riƙe mata fagen. Faifai ba ya ɗauke da sunayensu, manhaja ma haka. Waɗansu daga cikin waɗanda suka yi wa manyan nan amshi, ko 'ya'yansu, suna nan a garuruwan Katsina da Zamfara, kwalejojin horon malamai na Katsina da Dutsin-ma kuwa suna da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kansa kowace shekara.